Share Fayil a Rumbun Intanet Ba Kyauta Ba Ne

Shekaru da dama ke nan ina riƙe da amanar ajiyar takardun wata makaranta a Kano, kuma a cikin mas'alolin da na sha wahalar fahimtar da shugabanni, babu kamar wannan: mutum yana iya share abinsa daga rumbun ajiya na intanet, alhali ujurar ajiyar tana nan a wuyansa.

Asalin lamarin shi ne, kamfanonin nan ijara suke ƙullawa da mai ajiya, kowace ijara kuwa da sharaɗinta. Amazon, wanda ya buɗe rumbunsa na S3 a shekarar 2006, ya gindaya wa'adin kwana 180 ga sashensa mafi araha, wato Glacier Deep Archive. Google kuwa ya sa kwana 90 ga Coldline, kwana 365 ga Archive. Duk wanda ya cire fayil kafin wa'adi ya cika, lalle sai ya biya kuɗin ragowar kwanakin, tamkar ɗan haya da ya kwashe kayansa bayan wata guda alhali shekara ya yi alkawari.

Na ga haka da idona. Wani magatakardanmu, yaro mai himma da natsuwa, ya lura sunayen jakunkunan sakamakon jarrabawa sun hargitse, sai ya zauna da yammacin wata Alhamis, da kyakkyawar niyya, ya gyara su ɗaya bayan ɗaya. Ashe manhajar da ke daidaita kwamfutarmu da rumbun ba ta san sauya suna ba. Abin da ta gani kawai shi ne tsofaffi sun ɓace, sababbi sun bayyana, don haka ta share na can, ta sake ɗora dubban takardu tun daga farko, har datar ofis ta ƙare kafin Asabar. Da wata ya ƙare, sai ga takardar biya da dala, ga tarar sharewa, ga ujurar kowace ɗorawa.

"Wallahi Malam, suna kaɗai na canza," in ji shi, idonsa ya cika da ƙwalla. Gaskiya ya faɗa, kuma gafalar tawa ce, domin ban taɓa zaunar da shi na bayyana masa sharaɗin ba.

Tun daga ranar, kafin a taɓa jaka ko ɗaya, sai mun sa manhajar ta yi gwaji, ta jero mana abin da za ta share da abin da za ta ɗora ba tare da ta aikata ba. Sashen mai araha kuwa ba ya karɓar komai sai takardun ɗaliban da suka riga suka sauke karatu.