Yadda Ake Kare Bututun Pitot Daga Ƙanƙara

Leƙa ƙarƙashin fiffiken hagu na ƙaramin jirgi irin Cessna 172, za ka ga wani ɗan bututu kamar yatsa, bakinsa na kallon gaba. Sunansa Pitot, daga Henri Pitot, injiniyan Faransa da ya auna gudun kogin Seine da irinsa a 1732. Iskar da ke dannowa cikinsa ita ke juya allurar agogon gudu. Ya toshe, matuƙi ya shiga uku.

Tun jirgi na ƙasa ake farawa. Zare murfin bututun, ka duƙa ka duba bakin da ɗan ramin da ruwa ke ɗiga ta ƙasa. Zanzaro na son irin wannan rami; shi ake zargi da toshe bututun jirgin Birgenair da ya faɗa teku a 1996 da mutum 189.

Sai ka kunna batir da makunnin hitar bututun, ka ga ko allurar wuta ta motsa. Kafin rabin minti, taɓa bututun da bayan yatsa, a hankali, don yana ƙuna kamar dutsen guga. Da ka ji ɗumi, kashe. Babu iskar da za ta sanyaya shi a ƙasa.

A sama, kada ka jira ƙanƙara ta kama. Zafi na raguwa da kusan digiri 2 duk ƙafa 1,000, shi ya sa wanda ya tashi yana gumi ke iske sanyin daskarewa a can. In ka ga gajimare ko yayyafi, ma'aunin zafi kuma ya kusa sifili, kunna kafin ka shiga.

A jirgin da ke da fitilar gargaɗin hita, ruwan ɗorawa ce. In ta kama, ko dai hitar a kashe take, ko an kunna amma wuta ba ta isa gare ta. Duba makunni, duba fis. In ka mayar da shi ya sake tsinkewa, ƙyale shi, ka nemi hanyar fita daga gajimaren.

Wurin da na fi jin tsoro ke nan. In baki kaɗai ya toshe, allura sai ta faɗi sifili, ka gane. Amma in har da ramin ƙasa, iska ta maƙale ciki, agogon ya koma maƙaryaci mai rantsuwa: kana hawa yana cewa gudu ya ƙaru. Ka ɗaga hanci don ka rage, ya ƙara, har fiffike ya daina ɗauka. Haka ya faru da wani Boeing 727 a jihar New York a 1974. Ba a kunna hitar ba.

To, manta da allurar. Daidaita hanci da agogon da ke nuna zaman jirgi, sa ƙarfin injin da ka saba, ka sanar da masu kula da zirga-zirga. Hitar nan bututu kaɗai take gasawa. Ƙanƙarar da ke taruwa a fiffike tana nan, sai ka sauko inda iska ke da ɗumi.