Darasi na 7: Idan An Ɗauke Wuta, Kada Jari Ya Narke

'Yan uwa mata, duk mai sayar da ƙanƙara, zoɓo ko kunun aya ta san asarar da rashin wuta ke jawowa. Da farko, ki tambaya me ya faru. In rabon wuta ne, takan dawo cikin awoyi. In waya ce ta tsinke, a kan yi kwanaki. In kuwa taransifoma ta ƙone, sai a shafe makonni.

Me za mu yi?

1. Kada ki riƙa buɗe firiza. In a cike take, takan riƙe sanyi kusan kwana 2.
2. Kunun aya ba ya jure zafi. Ki haɗa daidai na cinikin ranar.
3. Ku kai koke a rubuce ta hannun mai unguwa, ku riƙe kwafi. Hukumar NERC ta ce gyaran taransifoma haƙƙin kamfanin wuta ne, ba na jama'a ba.
4. In waya ta faɗo ƙasa, ku hana yara kusantarta.

Tattaunawa: In muka yi mako 3 babu wuta, wace sana'a za mu kama don kada zubi ya tsaya?