Darasin Wannan Fitowa: Sayen Mota da Lissafin Ranar Sayar da Ita

A wannan fitowa za mu ɗan ajiye zancen farashin sa da kuɗin tirela, mu taɓa wata magana da ke cin jarin mutanenmu a ɓoye, watau sayen mota. Dalili kuwa, tun bayan Babbar Salla mutum uku cikin ƴan ƙungiya suka same mu da tambaya iri ɗaya. Ga mota biyu: ɗaya ba ta da wani ado amma kowa ya san irinta, ɗaya kuwa an cika ta da kayan zamani, irin wadda masu sayarwa ke ce wa ful ofshin, kuɗinta ya ɗara. Wacce za a ɗauka?

Abin mamaki shi ne, mai wannan tambaya in ka kai shi kara ba ya neman shawarar kowa. Zai buɗe bakin sa ya ƙirga haƙora, ya taɓa tozo, ya duba kofato, ya sa a kora shi ya ga tafiyarsa. Yana tsaye a kasuwar Tanut amma hankalinsa na Maigatari ranar Alhamis, yana lissafin wa zai taya wannan sa, kuma nawa. Rahaji na da kyawun ƙaho, ba musu, amma mahaucin Legas nama yake biya, ƙahon ma wuri yake cinyewa a tirela. To wannan mutum ɗin, da ya shiga wurin masu sayar da motoci aka buɗe masa ƙofa ya ji ƙamshin kujerar fata, sai ilimin nan duka ya tsaya a waje. Sai ka ji yana tambayar fitilu nawa ne a ciki, bai tambayi wa zai saye ta daga hannunsa ba.

Motar ɗan kasuwa jari ce da aka ɗaure a ƙofar gida. Ba ta haihuwa, ba ta ƙiba, kullum raguwa take yi. Saboda haka kuɗin da ka ba mai sayarwa ba shi ne tsadarta ba. Tsadarta ita ce abin da ya ɓace tsakanin ranar saye da ranar sayarwa, a haɗa da mai da gyara. Mu ɗauki misali, alƙaluman namu ne don a gane lissafin kawai. Ga mota marar ado a sefa miliyan 9, ga mai kayan zamani a miliyan 11 da rabi. Bayan shekara 4 ta farko ta fita a miliyan 6 da rabi, ta biyu a miliyan 7. Mai ta biyu zai ce ai tawa ta fi taka kuɗi. Gaskiya ne, amma shi miliyan 4 da rabi ya rasa, ɗan'uwansa miliyan 2 da rabi. Daɗin daɗawa, wancan miliyan 2 da rabi da ya ƙara tun ranar farko, in sa yana jaka 400, shanu 6 ke nan da ɗan canji. Shanu 6 da za a yi ta juyawa tsakanin Kundumawa da Mai'aduwa har shekara 4, sai ga su sun zama tagar rufi da rediyo mai talabijin. Wannan asarar ba ta fitowa a littafin kowa, domin ba a taɓa ganin kuɗin ba balle a yi kukansu.

Me ya sa adon ba ya dawo da kuɗinsa? Domin mai sayen mota ta hannu ba irin mai sayen sabuwa ba ne. Shi injin yake saurare, ya leƙa ƙasa ya ga ko mai na ɗiga, ya duba ko an taɓa buga bodi, sa'an nan ya tambayi bakanikensa ko akwai kayan gyaranta a gari. Kujera mai motsi da lantarki, in tana aiki ba zai ƙara maka ko dala ba, in ta lalace kuwa da ita zai karya maka farashi. Watau ka biya kuɗinta cif a ranar saye, a ranar sayarwa ta zama hujjar mai taya.

Mu da kanmu mun sha wannan, ba labari aka ba mu ba. Shekarun baya muka sayi wata jif da ta fito Turai ta hanyar Kwatano. Ba za mu faɗi sunan kamfanin ba, don laifin ba nasu ba ne, don titinsu suka ƙera ta. Maimakon sifirin na ƙarfe, wasu jakunkunan iska ne ke ɗauke da ita, ka danna maɓalli ta tashi, ka danna ta sauka. Yara a unguwa har taruwa suke yi su kalla. Wata bakwai muna jin daɗi. Ran nan a kan gargadar hanyar Dakwaro, da rana tsaka, gefe ɗaya ya zauna ƙasa kamar saniyar da ta kasa tashi a bazara. Bakaniken ƙauyen, dattijo ne da ya shekara yana gyaran Peugeot da Toyota, ya zagaya ta sau biyu ya ce, "Alhaji, wannan sai dai a kai ta inda aka haife ta." Muka yi hayar babbar mota ta ɗauko ta zuwa Maraɗi, aka yi mako shida ana jiran kayan. Wannan duk mai sauƙi ne. Babbar asarar ta zo ne da bazara, lokacin da ciyawa ta ƙare makiyaya suka fito da shanu ramammu da araha, irin waɗanda in ka turke su wata uku sai ka gode Allah. Muna son kuɗi a hannu cikin mako guda. Motar ta yi wata huɗu wajen dillali, masu kallo da yawa, mai taya babu. Maƙwabcinmu mai tsohuwar Hilux fara, wadda ko rediyo ba ta da shi, ya sa tasa kasuwa ranar Litinin, kafin Juma'a ya karɓi kuɗinsa ya tafi kara.

Nan ne abin da mutane ba su cika kula da shi ba. Darajar sayarwa ba yawan kuɗin kaɗai ba ne, har da saurin samunsu. Sana'armu ta lokaci ce, kuma hanya na iya rufewa ba sallama. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 har Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 an sake rufewa, ba a buɗe ba sai Maris 2024. A watan Mayu 2025 kuma gwamnatin Nijar ta dakatar da fitar da dabbobi waje gab da Babbar Salla. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai ɗan'uwanmu da shanunsa suka tsaya a turke suna cin dusa, mai bashi na ƙofar gida. A irin wannan rana motar da ke da masu saye goma ta fi wadda ke da mai saye ɗaya, ko da a takarda ta biyun ta fi tsada.

Shi ya sa wasu motoci suka zama kamar kuɗi a aljihu a wannan yanki. A da Peugeot 504 ce, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna shekara da shekaru, har ya zama kowane gari akwai wanda ya san cikinta. Yau Hilux ce, da Corolla, da Land Cruiser ɗin nan mai ƙirar 70 da aka soma yi tun 1984. Ba talla muke yi wa kowa ba. Sirrin shi ne yawa: inda mota ta yi yawa, kayan gyaranta na nan sabo da na hannu, kanikawa sun saba da ita, masu saye ba sa tsoro. Kafin ka biya, shiga kasuwar kayan gyara ta garinku ka tambayi famfon ruwa, da shokazoba, da fitilar gaba na irin motar. In mutum uku sun ciro maka daga kanta, to madalla. In an ce sai an aika Kano ko Lome, ka san abin da mai saye zai ji ke nan ranar da ka tashi sayarwa.

Kada kuma a fahimce mu baibai, ba kowane ƙari ne ado ba. Akwai wanda ke aiki ya biya kansa. Kat-kat, watau mai ja da ƙafa huɗu, ga wanda ke shiga rairayin arewacin Gure ko caɓin damina, ba alfahari ba ne, ita ce bambancin isa kasuwa da hantsi da isa bayan an watse. Tsayin mota daga ƙasa haka. Tanki na biyu, inda akwai nisa tsakanin gidajen mai, haka. Na'urar sanyi ma, kilim ko esi, duk yadda mutum ya saba kiranta, mu mun daina ɗaukarta a kan ado, domin wanda ya yi tafiyar awa shida a watan Afrilu ya san yadda zafi ke rage wa mutum hankalin ciniki, kuma mai saye na tambayarta. Ma'aunin dai guda ne: wannan abu zai kai ni kasuwar da ba na iya zuwa, ko zai ƙara mini masu saye? In amsa a'a ce duka biyu, to ƙaho ne.

Waɗanda muke jan kunne a kansu su ne tagar rufi, wadda ƙura ke cike hanyarta har ta daina rufuwa ruwan sama ya same ka a ciki. Da manyan ƙafafun alminiyam masu siririyar taya, da rami ɗaya ke fasawa. Da injin gas na Turai na bayan nan, wanda ke son tataccen mai ƙwarai, wasu ma sai an zuba musu wani ruwa na daban mai suna AdBlue. Mu da wani lokaci dole ke sa mu sha man kwalba wajen ƴan ruwa-ruwa a bakin hanya, irin wannan injin ba abokin tafiyarmu ba ne. Babban injin fetur mai silinda shida ko takwas shi ma a yi tunani. Tun da aka cire tallafin mai a Nijeriya a watan Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, masu neman irin waɗannan motoci suka ja baya a ɓangarorin iyaka biyu. Maganar giya kuwa ta danganta da inda za ka sayar. A Yamai ko Kano matasa da mata otomatik suke so. A daji giyar hannu ta fi, ko don in batir ya mutu a tura ta ta tashi.

Sai takardu. Mota mai cikakkiyar takardar duwan da katin mallaka da sunanka ta fi kowace kujerar fata daraja. Ka kuma san ƙasar da za ka sayar tun kafin ka saya. Lokacin da Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairu 2017, mutane da dama da ke lissafin sayar da motarsu a ƙetare suka tarar kasuwarsu ta ragu a dare ɗaya. Wanda ya sayi mota da arha don takardarta ba ta cika ba, da arha zai sayar, in ma ba a ƙwace ta a shinge ba.

Akwai kuma ruɗin canji. Wani ya ce mana ya sayi mota da naira a 2022, ya sayar a 2024 da kuɗin da ya fi wanda ya biya, wai ya ci riba. Muka tambaye shi, shanu nawa kuɗin ke saye a da, nawa suke saye yanzu? Ya yi shiru yana lissafi. Dattawanmu sun ga irin wannan a Janairu 1994 da aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tsalle, kowa ya ga kamar motarsa ta ƙara daraja alhali kuɗin ne suka rage nauyi. Mu da muke hulɗa da kuɗi iri biyu, mu auna mota da shanu: shanu nawa na bayar, shanu nawa za ta dawo mini da su.

Tun da zancen sayarwa muke yi, bari mu tuna abin da muka karanta a gaban malamai. A babin ciniki an hana ɓoye aibi, kuma misalin da malaman fiƙihu ke kawowa namu ne: mutum ya ɗaure hantsar saniya kwana biyu ba a tatsa ba, don mai saye ya ga kamar mai nono ce. Mai saye na da ikon mayar da ita. Mayar da lambar kilomita baya, ko zuba mai mai kauri don injin ya daina hayaƙi na kwana biyu, ko shafe tsatsa da fenti a yi shiru, duk ɗaurin hantsa ne. Wannan ma wani dalili ne na gudun mota mai tarkace da yawa, domin kowane abu da ya lalace a cikinta wajibi ne ka faɗa, in ka faɗa farashi ya sauka, in ka ɓoye ka ɗauki alhaki. Hanyar halal ta riƙe darajar mota ita ce juyen mai a kan lokaci, da ajiye rasit na kowane gyara a cikin leda ɗaya, da hana yaran gida loda mata buhunan dusa fiye da ƙarfinta.

Mutum ukun nan da suka zo shawara, biyu sun ɗauki marar adon, ɗayansu ya zuba ragowar kuɗin a ƴan maruƙa ya kai wa makiyayinsa. Na ukun ya ce shi dai ransa na son mai tagar rufin, shekara talatin yana bin bayan shanu a ƙasa, yanzu zai ɗan huta. Ba mu hana shi ba, kuɗinsa ne kuma halal ne. Mun dai sa shi ya rubuta a littafinsa cewa miliyan 2 ya kashe a jin daɗi, kada ya lissafa su cikin jari ranar da zai je ɗaukar shanu bashi.

A fitowa ta gaba, in Allah ya yarda, za mu duba lissafin sayen tirela da na hayarta.