Yadda Mawaƙan Kanada Ke Rainon Motar Yawo a Hunturu Idan Ritaya Ta Gabato

Daga Winnipeg zuwa Thunder Bay tafiyar kusan kilomita 700 ce, yawancinta daji da duwatsu da tafkuna. Ƙananan mawaƙan Kanada, masu wasa a kulob da zauren gari, sun ƙarar da ƙuruciyarsu a kan wannan hanya cikin doguwar mota mai ɗaukar mutum biyar da ganguna da lasifika. Da yawansu Ford Econoline suka riƙe, wadda aka fara ƙerawa a 1961, kamfanin kuma ya maye gurbinta da Transit bayan 2014. Har yau akwai dattawan da ba su yarda sun rabu da tasu ba.

Mawaƙin da ya doshi shekara sittin ba ya ajiye sana'a rana ɗaya. Yawon hunturu yake fara sokewa, saboda tuƙin dare a kan ƙanƙara da ɗaukar kaya masu nauyi sun fi komai cin jiki. Sai ya rage wasan kusa da gida, da koyar da yara jita, da bukukuwan bazara. Lissafin kuɗi ma yana ciki: mai aikin kansa a Kanada shi ke biyan kason ma'aikaci da na ubangida a asusun fanshon ƙasa, kuma wanda ya fara karɓa yana ɗan 60 maimakon 65 ana rage masa kashi 36 cikin ɗari har ƙarshen rayuwa. Shi ya sa ake ja da baya sannu a hankali, motar kuma dole ta kai shi.

Aikin shirya motar don hunturu na farawa tun Oktoba. A juye baƙin mai, a gwada ruwan lagireto, wanda idan an haɗa shi rabi da rabi da maganin daskarewa yakan jure har digiri 37 ƙasa da sifili. A sa tayoyin hunturu, waɗanda a lardin Quebec ma doka ce daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Sannan a kai ta a feshe ƙarƙashinta da mai, domin gishirin da ake barbaɗawa a titi don narkar da ƙanƙara shi ke cinye waɗannan motoci. Sai ka ga injin na nan da ƙarfinsa, amma tsatsa ta huda bututun birki.

Inda ake gane wanda ya san mota shi ne wajen batir. Lokacin da ake yawo kullum, doguwar tafiya ce ke cika shi, babu mai tunaninsa. Yanzu da motar ke yin mako uku a tsaye, caji na zurarewa a hankali, ga sanyi na rage masa ƙarfi, ga baƙin mai ya yi kauri yana wahalar da kik. Batir mai cikakken caji ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 60 ƙasa da sifili, amma wanda ya zube yana iya daskarewa a ɗan sanyi kaɗan, ruwan cikinsa ya kumbura ya fasa kwankon. Mutane da yawa sukan fita su tayar da motar minti goma a tsaye, suna ganin gata suka yi mata. Wannan ɓarna ce. Cajin da kik ya ci bai dawo ba, injin bai yi zafin da zai ƙone raɓa ba, sai ruwa ya taru a salansa da cikin mai. Tsohon hannu ko dai ya maƙala wa batirin ƙaramar na'urar caji mai kashe kanta idan ya cika, ko ya cire shi ya shigar ɗaki. Idan kuwa zai tayar, sai ya jona wayar ɗumama inji da lantarki awa uku ko huɗu tukuna, irin wayar nan da ake gani tana leƙowa a gaban motocin Winnipeg, sannan ya hau titi ya yi rabin awa yana tafiya. Batirin da ake zargin ya daskare ba a ba shi wuta daga wata mota, domin yana iya fashewa.

Tanki a cike ake barinsa don kada raɓa ta samu wuri. Ba a jan hambirki, yana iya mannewa; weji ake sa wa taya kamar yadda yaran mota ke yi wa babbar mota a gangare. A kwashe duk wani guntun abinci, in ba haka ba ɓeraye su tare su ci wayoyi.

Kayan kiɗa ba sa kwana a mota. Katakon jita yana son danshin iska na kashi 45 zuwa 55, kuma idan aka buɗe akwatinta da sanyi a ɗaki mai ɗumi, fentinta sai ya tsattsage. A rufe ake barinta wasu sa'o'i ta yi ɗumi a hankali.

Ranar da aka yanke shawarar sayarwa, akan jira Afrilu, lokacin da matasan mawaƙa ke neman motar fara nasu yawon. Mai saye mai wayo ba ya tsayawa kallon fenti, ƙarƙashi yake shiga da tocila, sannan ya nemi ganin takardun gyara na shekarun baya.