Darasin Turanci: Kalmomin Yawa

A wannan wata za mu duba kalmomin da Turawa ke faɗin yawan abu da su. Abin da ya sa muka zaɓi wannan shi ne, kwanan baya wani yaro ya tashi zai gode wa malaminsa a gaban jama'a. Nufinsa ya ce malam ya koya masu abu da yawa, sai ya ce, "You talked too much." Watau ya gaya wa malam ya cika surutu ke nan. Yaron ba shi da mugun nufi, kalma ce ta kāshe shi. Irin wannan tuntuɓe yakan jawo faɗuwa a jarrabawa, yakan kuma ɓata takardar neman aiki.

Ga tushen wahalar. Mu da Hausa "da yawa" ta ishe mu ko'ina: mutane da yawa, ruwa da yawa. Turanci kuwa ya raba abubuwa kashi biyu, waɗanda a ke ƙirgawa ɗai ɗai, da waɗanda sai dai a auna su. Na farko su ke ɗaukar "many", na biyu kuwa "much". Awaki ana ƙirga su, saboda haka "many goats". Madara aunawa a ke yi, saboda haka "much milk". Gero a mudu "much millet" ne, amma in an ɗura shi a buhu sai a ce "many bags of millet".

Sai mu lura fa, ba hankalinmu ne ke yanke wannan ba, al'adar harshen ce. Kowa yana ƙirga kuɗi, duk da haka "much money" a ke cewa. Haka nan "advice", "news", "information", "furniture" da "luggage", duka ba a ƙirga su, ba a kuwa yi masu jam'i. Wanda ya rubuta "many advices" ya yi kuskure.

To, in mutum ya rasa wadda zai ɗauka fa? Sai ya kama "a lot of", gama tana tafiya da kashi biyun duka. Turawa ma sun fi amfani da ita wajen faɗin abu kai tsaye. "Much" ta fi zama cikin tambaya, ko inda a ke ƙin abu, kamar "How much salt?" da "We have not much time." Cikin takardar ofis kuwa gara a sa "a large number of" ga abin ƙirgawa, "a great deal of" ko "a large amount of" ga abin aunawa.

"Plenty" ba yawa kaɗai take nufi ba, wadata ce, watau abu ya isa har da saura. Da Turancin Buroka ana cewa "plenty people", daidai ne kuwa a can. Amma a Turancin makaranta sai an sa "of": "plenty of people".

Yanzu mu komo kan yaron nan. "Too much" da "too many" ma'anarsu fiye da kima. Gishiri in ya zama "too much", miya ta ɓaci. Gaskiya ne a Buroka in an ce wa mutum "you too much" yabo ne, amma wanda bai saba da ita ba zargi zai ji. Da yaron ya ce "You taught us a great deal", da ya fita lafiya.

Akwai kuma manyan kalmomi da za mu tarar cikin littattafai. "Many" da "much" 'yan gida ne, tun daga tsohon Turanci su ke. "Plenty" kuwa baƙuwa ce, ta shigo ta bakin Faransanci bayan mutanen Normandi sun ci Ingila a 1066. "Numerous" daga Latin take, daga kalmarsu ta lamba, ta abin ƙirgawa ce kaɗai. "Abundant" ita ma daga Latin, tushenta raƙumin ruwa ne, watau abin da ya cika har ya yi ambaliya. "Countless" ita ce bila adadin tamu. "Multitude" babban taro ne, tana da yawa cikin Littafi Mai Tsarki na Turanci wanda aka buga a 1611, amma ba safai a kan ji ta a hira ba. "Myriad" daga Helenanci, asalinta 10,000 ne daidai, yanzu kuwa ɗimbin abu kurum take nufi.

Waɗansu kalmomin suna da adadi tsayayye. "Dozen" 12 ne, daga nan muka sami dozin. "Score" 20 ne, "gross" kuwa 144, watau dozin 12. In an faɗi adadi ba a ƙara "s": "two hundred men", "three dozen eggs". In yawa kurum a ke nufi sai a ce "hundreds of men", kamar yadda mu ke cewa ɗaruruwa. A kula da "billion" cikin tsofaffin littattafan Ingila, gama dā miliyan sau miliyan ne a can. A 1974 gwamnatinsu ta bi lissafin Amurka, watau miliyan 1,000.

Taro kuma kowane da sunansa. Na mutane "crowd", garken shanu "herd", na tumaki "flock", na fāra ko ƙudan zuma "swarm", tsibin kaya kuwa "heap". Kada mu yi mamaki. Mu ma ba mu cewa garken gyaɗa ko tsibin shanu, muna da tuli, da tari, da cincirindo, da birjik, kowace da wurinta. Bature mai koyon Hausa shi ma gumi yake sha a nan.

Ga aikin wannan wata. Ku sa "much" ko "many" a gaban waɗannan: "rain", "children", "money", "books", "work", "sheep". Ku yi hankali da ta ƙarshe, gama jam'inta ba ya ɗaukar "s", amma ana ƙirga ta. Sa'an nan kowa ya rubuta jimla uku a kan kasuwar garinsu, ɗaya da "plenty of", ɗaya da "a large number of", ɗaya da "too many". Ku karanta wa juna da ƙarfi, ku gyara wa juna ba tare da dariya ba. Amsoshi sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.