Darasi a Kan Zuciyar Mai Jego

'Yan'uwa, a ƙasarmu ta Maska babu wanda bai san jego ba. Mace ta haihu, sai a ɗora babbar tukunya a wuta. Safe da yamma tana wanka da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya ko na tsamiya, tana shan kunun kanwa, a wani gida kuma a hura wuta ƙarƙashin gadon ƙasa ta kwanta bisa, har kwana arba'in ko fiye. Iyayenmu sun yi haka domin ƙauna, gama suna tsoron sanyi ya shiga jikinta. Amma mun sha ganin wata tana cikin jegon sai ƙafafunta su kumbura, ta riƙa haki, ba ta iya kwanciya sai a zaune. Sai tsofaffi su ce, "Ai sanyi ne, ba ta gasu ba," a ƙara wuta, a ƙara kanwa.

Wannan ciwon zuciya ne. Naman zuciyar ne ya yi rauni, ya kasa tura jini yadda ya kamata, ruwa kuwa ya taru cikin huhu da ƙafafu. Yakan zo a watan ƙarshe na ciki, ko cikin wata biyar bayan haihuwa.

Likitoci biyu na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun bincika mata 224 da aka kawo asibitin Zariya da wannan ciwo. A 1974 suka bayyana cewa ya fi yawa a kewayen Zariya da Malumfashi, watau a ƙofar gidanmu ke nan, inda an fi tsananta wankan jego da kanwa. Ga yadda suka fahimci abin. Tun cikin goyon ciki jinin mace ya ƙaru ƙwarai, zuciya ta yi wata tara tana aikin mutum biyu. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa cikin jiki, jini ya ƙara yawa. Zafi kuma yana buɗe hanyoyin jini na fata, dole zuciya ta ƙara sauri. Jakin da ya dawo daga kasuwar Funtuwa a gajiye, in an sāke ɗora masa buhu biyu, me zai faru?

Amma bincike bai tsaya nan ba, mu ma kada mu tsaya. A 1992 likitoci a Yamai suka tarar matan da ke da ciwon suna da ƙarancin wani sinadari cikin jininsu, sunansa seleniyam, wanda jiki ke samu daga abinci kamar kifi da ƙwai da nama. Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya sami irin wannan a Kano a 2015. Daga baya ya shugabanci wani bincike a asibitoci da yawa na Nijeriya, aka fitar da sakamakonsa a 2020. A nan ba su ga wanka da kunu kaɗai sun haddasa ciwon ba. Abin da ya fi fitowa shi ne rama, da talauci, da hawan jini lokacin ciki.

To, wa za mu bi? A ganinmu duka biyu suna da abin koya mana. Kada mu ɗora wa kakanni dukan laifi. Mai gidan da ya sayi itacen wanka amalanke guda, amma bai sayi ƙwai ko kifi domin matarsa ba, shi ma ya duba kansa. Duk da haka zuciyar da ta riga ta raunana, kanwa da zafi ƙara mata nauyi su ke yi. Likita yakan hana mai irin wannan ciwo yawan gishiri, balle kanwa.

Saboda haka mai ciki ta riƙa zuwa awo, a gwada jininta. Ruwan wanka ya zama mai ɗumi, wanda hannu zai iya jimrewa. Ku matan zumunta, ku ne ku ke fara shiga ɗakin mai jego. In kun ga tana haki daga ɗaki zuwa tsakar gida, ko tari ya hana ta barci, ko kun danna ƙafarta yatsa ya bar rami, kada ku jira a yi suna, a kai ta asibiti a ranar. Da yawa suna warkewa in an soma magani da wuri. Wadda ta taɓa yin ciwon kuwa, ita da mijinta su je a ɗauki hoton zuciyarta kafin ta sāke ɗaukar wani ciki.