Ɗaura Kyamara a Ƙaramin Jirgin Sama: A Nemi Izini Tukuna

A zamanin nan kyamara ta ƙanƙance har takan shige tafin hannu. Saboda haka masu safiyo, da masu shirya fim, da ɗaliban tuƙi sukan so su ɗaura ta a jikin ƙaramin jirgi. Abin da ya kamata kowa ya sani shi ne, da zarar an kafa ta, an yi wa jirgin canji ke nan. Canji kuwa ba ya halatta sai da izini.

Wa Ke Ba da Izini?

A Nijeriya, alhakin tabbatar da lafiyar jirage yana wuyan Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, watau NCAA, wadda aka kafa a 1999. Har ila yau, sashe na 36 na Yarjejeniyar Shikago ta 1944 ya ba kowace ƙasa ikon hana amfani da kyamara a jiragen da ke ratsa samaniyarta, ko kuma ta gindaya masa sharuɗɗa.

Ina Hatsarin Yake?

Na farko, iska. Jirgi irin Cessna 172 yakan yi gudun da ya haura kilomita 200 a awa. In gudu ya ninka sau 2, ƙarfin iskar da ke bugun kyamara yakan ninka sau 4. In ta ɓalle, tana iya bugun wutsiyar jirgin, ko ta faɗa kan mutane a ƙasa.

Na biyu, wurin kafawa. Ba a kafa ta a sassan fiffike ko na wutsiya masu motsi, domin ƙarin nauyi kaɗan yana iya sa su karkarwa har su karye. Ba a kuma kafa ta kusa da bututun auna gudu, kada agogon ya yaudari matuƙi.

Na uku, cikin ɗakin tuƙi. A Fabrairun 2014 kyamarar matuƙi ta maƙale tsakanin hannun kujera da sandar tuƙi a wani babban jirgin sojan Birtaniya mai suna Voyager, ya rikito ƙafa 4,400. In ƙaramar kyamara ta yi wa babban jirgi haka, ina ga ƙarami?

Abin da Ake Bukata

Mai jirgi ya tuntuɓi injiniya mai lasisi, ya duba wurin, ya gwada ƙarfin mariƙin, ya kuma lissafa nauyi da daidaiton jirgin. Kada a dogara da robar mannawa kaɗai, gama riƙonta yana raguwa yayin da jirgi ke yin sama. A sami amincewar hukuma, a rubuta aikin a littafin jirgin. Matuƙi kuma ya duba mariƙin kafin kowane tashi, sa'an nan ya bar kyamara da aikinta, ya mai da hankali ga tuƙi.

Hoto in ya ɓaci ana sake ɗauka, amma rai ba a sake shi.